Kar Ki Yage Shafin Nan!

Ni dai ban yarda da wannan ɗabi'a tamu ba, 'yan'uwana mata. Yarinya za ta sayi littafi don rubuta abin da ke ranta da ɗan zanen fulawa, tawada na ɗiga sai ta yage shafin, wai ya ɓaci. Haba! Takardar jarrabawa ce? Wa zai ba ki maki?

Masu cewa "in ba ki iya ba ki bari" su suka kashe wa mata da yawa gwiwa. Su da iyawarsu aka haife su? Frida Kahlo, shahararriyar mai zane ta ƙasar Meziko, ta yi shekara goma tana cika littafinta, daga 1944 har mutuwarta a 1954. In tawada ta zube, sai ta mai da tabon fuskar mutum ko dabba. A 1995 aka buga littafin, da tabonsa da komai.

To ke ma gwada. Liƙa ƙyallen atamfar da tela ya rage, goga lalle, ɗiga ruwan zoɓo, ki yi rubutu a kai. In ya caɓe, ɗora wani abu bisansa. Da koyo akan iya. Mai tsoron ɓatawa, wallahi har ta tsufa farar takarda za ta riƙe.