Notin Juye: Inda Awo Ya Fi Ƙarfin Damtse

Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A ƙarƙashin injin mota akwai wani kasko inda baƙin mai yake taruwa, a gindin kaskon kuma akwai wani ɗan noti wanda bai kai tsawon babban yatsa ba. Shi ake kwancewa in za a yi juye, tsohon mai ya tsiyaye, a mayar da shi a ɗaure. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma in ya zame a kan hanya mai zai ƙare cikin ɗan lokaci, ƙarafan inji su shiga gugar juna, injin ya buga.

Sau da yawa idan notin nan ya cije, ko kansa ya side har sufana ta daina kama shi, akan ɗora laifin a kan tsatsa ko tsufan mota. Haƙiƙa ba kasafai laifin yake nan ba, domin kuwa wurin kullum cikin mai yake. Mai laifin shi ne hannun da ya ɗaure shi a juyen da ya gabata. Akwai wata al'ada a garejoji da dama, ta ɗaukar cewa iyakar ƙarfi ita ce iyakar gwaninta. Yaron gareji yakan zura bututu a jikin sufana, ya tokare ƙafa ya ja har sai ya ji ba sauran motsi, don gudun kada maigidansa ya ce ya yi sakaci. Wannan al'ada kuskure ce, ɗalibin sakandare ma yana iya tabbatar da haka da alli a kan allo.

Ƙarfin murɗawa shi ne ƙarfin da aka sa, a ninka shi da tsawon abin da aka murɗa da shi. Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, Arkimidis ya bayyana wannan ƙa'ida. Masu ƙera ƙananan motoci yawanci sukan ƙayyade wa notin juye awo tsakanin nuton-mita 25 zuwa 45, kuma yana rubuce a littafin motar. Alal misali, sufana mai tsawon santimita 25, in aka ja ta da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 14, za ta ba da kimanin nuton-mita 35, watau daidai abin da ake bukata. Amma da zarar an ƙara mata bututu ta kai mita 1, wannan ƙarfin dai zai ba da 140, ninki huɗu ke nan. Yaron bai ji ya ƙara komai ba, alhali ya riga ya yi ɓarna. Jikin ɗan Adam kuwa ba ma'auni ba ne: masana aikin gaɓɓai sun daɗe da sanin cewa tsokar da ta gaji takan ji abu ya fi ainihin nauyinsa, saboda haka abin da hannu ya kira "ya ɗauru" da safe daban yake da na la'asar.

A zamanin da Peugeot 504 take tashe, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, kaskon yawancin motoci na baƙin ƙarfe ne, yana iya jure wulaƙanci. Da yawa daga motocin da suka biyo baya kuwa kaskonsu na alminiyam ne, wanda ya fi notin taushi nesa ba kusa ba. In an matsa, ba notin ne zai ba da kai ba, tiredin kaskon ne zai cinye. Sa'an nan akwai washa, ɗan zoben jan ƙarfe ko alminiyam da ke tsakanin noti da kasko. An yi ta ne don ta lotsa sau ɗaya ta toshe kafa. Idan aka mayar da tsohuwa sai mai ya riƙa ɗiga, a ƙara matsa noti don a tsayar da ɗigar, a wuce gona da iri. Rowar washa ɗaya ita ce mafarin asarar kasko.

To, idan aikin gama ya gama fa? Abu na farko shi ne haƙuri. A tada inji na 'yan mintoci ya yi ɗumi, domin alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, ramin sai ya ɗan saki notin. A tabbatar motar tana kan rami ko matokari mai ƙarfi, ba a kan jak kaɗai ba. A yi amfani da soket mai kusurwa shida, wanda yake rungumar kan notin gaba ɗaya, maimakon sufana mai buɗaɗɗen baki da ke kama gefe biyu kawai tana side kusurwoyi. A kuma kula da ɓangaren da ake juyawa. Ana kwancewa ne akasin tafiyar hannun agogo ga wanda ke fuskantar kan notin, kuma wanda ya miƙa hannu daga gefe yakan rikice ya yi ta ƙara ɗaurewa. A nan ne doguwar sufana take da amfani, wajen kwancewa, da ja a hankali ba fizga ba.

In kan ya riga ya side, akwai soket mai haƙora a ciki wanda ke ƙara cizo yayin da ake juyawa. Guduma da kurfi su zama na ƙarshe, don kaskon alminiyam yana tsagewa. Wuta kuwa ba ta da gurbi kusa da mai. Idan tiredin kasko ne ya cinye, ana iya yanka sabo a sa noti mai ɗan kauri, ko a dasa zoben tiredi irin na Heli-Coil, ko a canza kaskon. Naɗa zare ko leda a jikin noti yaudarar kai ce kawai. Kafin a samu gyara, ana iya zuƙe mai da famfo ta bututun ma'aunin mai.

Ƙoƙarin kwance noti mai taurin kai yakan ƙare da mai har gwiwar hannu, kuma wannan ma abin kula ne. Tsohon baƙin mai yana ɗauke da sinadaran da gwaji ya nuna suna haddasa sankarar fata ga ɓeraye. A wanke da sabulu, ba da fetur ba, kada kuma a tuttular da man a kwata, inda yake shimfiɗuwa a kan ruwa ya hana halittun ciki iska.

Maganin duka dai shi ne sufana mai awo, wadda ake saita ta a kan adadin da ake so, ta yi ƙara "ƙas" in an kai. Bai kamata garejin da ke karɓar kuɗin juye ya rasa ta ba, kuma mai mota yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa ita tare da sabuwar washa kafin a taɓa motarsa. Makarantun fasaha su sa ta cikin kayan koyarwa tun ajin farko. Malamin fiziks kuma, ranar da zai koyar da ƙarfin murɗawa, ya samo tsohon noti da kansa ya side daga garejin unguwa, ya ba ɗalibai su zagaya da shi, sa'an nan su lissafa tsawon bututun da ya yi masa haka.