Lambobin da ke wayarka ba jingina ba ne

Jama'a, akwai wani cin mutunci da ya zama ruwan dare a ƙasar nan, har mun fara ɗaukarsa ba komai ba. Mutum ya shiga matsi, ya sauke manhajar bashi a wayarsa, ya ranci 'yan dubbai. Kafin a tura masa kuɗin sai ya danna "na amince", daga nan kamfanin ya kwashe lambobin da ke wayar da hotunansa. Ranar biya ta wuce da kwana biyu, sai surukinsa da ogansa na wurin aiki su ga saƙo wai wane ɓarawo ne. Wasu ma har sanarwar rasuwarsu ake haɗawa, alhali suna raye.

Ni ban ce kada a biya bashi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya ci dole ya biya. Amma surukin nan fa ko kwabo bai ranta ba. Wa ya nemi izininsa kafin a ɗauki lambarsa?

Za ka ji ana cewa ai shi ya danna da hannunsa. Haba! Wanda yaronsa ke kwance asibiti, aka miƙo masa shafuka na Turancin lauyoyi, wace amincewa ya yi? Wannan tilas ce aka sa wa riga.

Kuma ba doka muka rasa ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, har da gidansa da hirarsa ta waya. A watan Yunin 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba ka damar janye amincewarka. A shekarar ce Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa leƙa lambobi da hotunan mutane. Tun 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan aika-aika. A Yulin 2024 kuma hukumar FCCPC ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 saboda yadda ya yi da bayanan 'yan Najeriya.

Ke nan idan hukuma ta ga dama, tana iya taka wa ƙato birki. To me ya sa talaka har yanzu bai gani a ƙasa ba? A ganina, tarar da ba ta taɓa ribar kamfani kuɗin shayi ce. Dokar ta yarda a ci manyan kamfanoni har kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara. A yi amfani da ita mana. A kuma tilasta musu rubuta sharuɗɗansu da Hausa da sauran harsunanmu, a taƙaice, yadda mai shago a Kantin Kwari zai gane abin da yake miƙawa.

Mu ma da namu. Duk manhajar da ta nemi lambobinka, ka ƙi. Idan an turo maka saƙon tozarta wani, kada ka yaɗa. Ka adana shi, a kai ƙara FCCPC ko NDPC. Da kunyarmu suke cin kasuwa, shirunmu kuma shi ne jarinsu.

Allah Ya rufa mana asiri.