Kishin Ƙasa Ko Kishin Gona?

Wasu suna cewa wai kishin Faransa ne ya sa Turawa 'yan kaka-gida na Aljeriya suka ɗauki bindiga a 1961, don su hana ƙasar samun mulkin kai. Ƙarya ce! In kishi ne, don me ƙungiyarsu ta OAS ta harbe sojojin Faransa, har ta nemi kashe Janar de Gaulle, shugaban Faransa kansa?

Gona suke yi wa kuka, da fifiko. Tun bayan 1830 aka yi ta ƙwace gonaki masu albarka ana ba su. A majalisar da dokar 1947 ta kafa, su da ba su wuce miliyan ɗaya ba, kujerunsu 60. Musulmi wajen miliyan takwas, su ma 60. Wa zai saki wannan da daɗin rai?

Kai manomin auduga na Funtuwa ko Malumfashi, dubi naka. Dokar ƙasa ta 1910 ta hana baƙo ya mallaki ƙasar Arewa, sai dai aro. Bature ya sayi audugar kakanka da arha, ya gurje ta a Funtuwa, amma gonar ba tasa ba ce. Da 1960 ta zo, ba shi da ko kunya ɗaya da zai ɗauki bindiga dominta.