Gurguwar Shuka Ma Tana Da Ranarta

Jama'a, akwai wata magana da manoma kan yi a kasuwar Kwanar Dangora, wai masanan Samaru sun cika ɓata lokaci, suna renon shuke-shuken da ko akuya ba za ta kalla ba, ga shi kuwa wuta-wuta tana cinye mana dawa. Ni a ganina wannan magana ba daidai ba ce. Bari in kawo muku labarin sha'ir, ɗan'uwan alkama, ku yi hukunci da kanku.

Kowane tsiro an gina shi da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Cikin kowane ɗaki akwai waɗansu zarurruka da Turawa ke kira kuromosom, mu ce zaren gado, don a kansu halayen iri suke zaune, kamar tsawon kara, da launin ƙwaya, da jimrin cuta. Zaren nan biyu-biyu suke, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Sha'ir yana da 14, watau tagwaye bakwai. Gero ma haka. Dawa da masara kuwa 20 gare su.

To, wani lokaci akan sami tsiron da zare guda ya yi masa yawa, ya zama 15 maimakon 14. Irin wannan tsiro ba shi da kyan gani, ba ya kuwa yin ƙwaya sosai. Wani Ba'amurke, Albert Blakeslee, ya lura da haka wajen 1920 a jikin wani ɗan'uwan zaƙami. Cikin shekarun 1950 wani masanin Japan, Takumi Tsuchiya, ya tara iri bakwai na sha'ir, kowane da zaren da ya ƙaru gare shi dabam. Wani ya yi cunkus, wani siriri, wani koɗaɗɗe.

Ina amfaninsu? Ga shi. A ce ana neman sanin zaren da wani hali yake kai. Sai a yi barbarar tsiro mai halin da kowane ɗaya cikin bakwai ɗin nan, a shuka 'ya'yan, a kuma shuka jikokin, kana a ƙidaya. Bisa al'ada, halin da kan ɓuya yakan fito ga jika ɗaya cikin huɗu. A gida shida lissafi zai fito haka. A na bakwai sai lissafi ya karkace, masu halin su yi ƙaranci ƙwarai, don zare uku ne ke rabon gado, ba biyu ba. Shi ke nan, an gane mazaunin halin. Da haka aka yi ta zana taswirar gadon sha'ir, kamar yadda mai awon ƙasa ke sa kowace gona a unguwarta. An yi wa masara da dawa irin wannan aiki a Amurka.

Yau an sami hanyoyi masu sauri. An karanta gadon dawa a 2009, na gero a 2017. A 2017 ɗin nan kuma masana a jami'ar Purdue, tare da Gebisa Ejeta mutumin Habasha, suka gano halin da ke sa saiwar wata dawa ba ta ta da ƙwayar wuta-wuta daga barci, yana kan zare na biyar. Wanda ya san inda hali yake, yana iya ɗauko shi ya sa cikin Kaura ko Farafara ba tare da lalube ba. Wannan fa jikan wancan aikin haƙuri ne.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Hukuma kada ta riƙa tsuke wa Samaru bakin aljihu don ba a ga riba cikin damina ɗaya ba. Tun 1922 ake aiki a can, iri kuwa yakan ci shekaru kafin ya fito. Ku kuma 'yan'uwa manoman Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, in malamin gona ya nemi ɗan gefen gona don gwaji, ku ba shi. Kada kuma ku yar da irin kakanninku, gama cikinsa ake tono halaye masu kyau.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.