Birnin Kito da mutanen da ba a kafa wa gunki ba

Da yawanmu ba mu taɓa jin sunan Kito ba, babban birnin ƙasar Ekwado a Kudancin Amurka. Birni ne da ke zaune a kan tsaunukan Andes, kimanin mita 2,850 sama da teku, a gindin wani dutse mai aman wuta da ake kira Pichincha. Na kawo zancensa ne don ina ganin tarihinsa ya shafe mu, mu da ake wa kallon 'yan sifana da guduma.

Yadda ake ba da labarin, sarakuna ne da sojoji kawai. A 1534 Sifaniyawa suka iso ƙarƙashin Benalkaza, bayan sun karya daular Inka. Ana cewa jarumin Inka, Ruminyawi, ya cinna wa garin wuta don kada su sami komai. Ranar 6 ga Disamba na wannan shekara suka kafa nasu birnin a kan tokar. Sai 1822, lokacin da Janar Sukre ya fatattaki sojojin Sifaniya a gangaren Pichincha. A 1830 Kito ya zama babban birnin Ekwado. Shi ke nan, a rufe littafi.

To amma wa ya gina garin? Majami'ar San Faransisko da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwar gani, an shafe shekaru da dama ana aikinta, kuma 'yan asalin ƙasar ne suka sassaƙa dutsen, suka ɗauko shi a baya, da yawansu aikin tilas. Daga cikinsu aka sami masassaƙa da masu zane da suka shahara, irin su Kaspikara. Aikin hannunsu ne ya sa a 1978 UNESCO ta saka Kito cikin rukunin farko na wuraren tarihi na duniya. Ba takobin Benalkaza ba fa.

Haka jirgin ƙasa. Kafin 1908, zuwa Kito daga tashar ruwa ta Gwayakil tafiya ce ta kwanaki a kan alfadari. Sai da injiniyoyi da leburori, har da waɗanda aka ɗebo daga Jamaika, suka fasa wani tsauni da ake kira Hancin Shaiɗan. Mutane da yawa sun mutu a wurin. Shugaba Eloy Alfaro ne ya kwashe yabon.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne kwalejin fasaharsu. Shugaba Garsiya Moreno ya kafa ta a 1869, ya kawo malamai daga Jamus. Da aka kashe shi a 1875, shekara ɗaya kacal aka rufe ta. Kusan shekara 60 tana rufe, sai 1935 aka sake buɗewa. Kun ga illar makarantar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya ke nan. Yau cibiyar nazarin ƙasa ta wannan makaranta ce ke sa ido kan duwatsu masu aman wuta a duk faɗin Ekwado. Da Pichincha ya tashi a 1999, toka ta lulluɓe gari, ai bakin waɗannan masana kowa ya riƙa kallo, daga magajin gari har mai sayar da kayan miya.

Wani zai ce, ai tasu makarantar digiri take bayarwa, ba HND ba. Gaskiya ne, kuma nan ne maganar take. Sun bar mata sunan kwalejin fasaha, suka ba ta kayan aiki da aikin da ƙasa ba za ta iya yi ba sai da ita. Mu kuwa kullum kukanmu a mayar da mu jami'a, kamar sauya allon bakin get ne zai gyara injin da ya shekara biyar a mace a wokshof. Ni dai da za a tambaye ni abin da ƙungiyar ɗalibai za ta kai gaban hukumar makaranta a wannan zangon, zan ce a fara da injinan nan, sannan a nemi gwamnatin jiha ta damƙa mana auna rijiyoyin burtsatse da magudanan ruwan garin nan.