Ciniki da Turai: Kowa Ya Kama Gabansa

A 2014 ECOWAS ta kammala tattaunawar ciniki da Tarayyar Turai, bisa sharaɗin buɗe kashi 75 cikin ɗari na kasuwar yankin cikin shekara 20. Najeriya ta ƙi sa hannu, don tana da mai da yawan jama'a. Ghana da Kwaddibuwa ba su da wannan sararin. Tsoron haraji kan ayabarsu da kayan koko ya sa kowacce ta fara aiki da tata yarjejeniyar wucin gadi da Tarayyar Turai a 2016.

Rarrabuwar nan ce ke damunmu. Kayan Turai da suka sauka tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana da sassaucin haraji na iya sulalowa su biyo hanyar Lokoja, su ratsa Yangoji zuwa Abuja, su karya farashin kayan masana'antunmu. Hedikwatar ECOWAS tana nan Abuja, don haka Najeriya ce ya kamata ta kira zama.