Maki 215 a JAMB ba faɗuwa ba ne

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da iyayen yara a kan makin JAMB. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Kakuri.

A 2024 wani maƙwabcina a Barnawa ya zo wajena rai a ɓace, wai 'yarsa ta ci 215 cikin 400, da ƙyar ta haura rabi, don haka ba zai sake kashe ko kwabo a kan karatunta ba. Na ce masa, Baban yarinya, zauna mu yi lissafi tukuna.

A shekarar, hukumar JAMB ta saki sakamakon ɗalibai sama da miliyan 1.8, kuma kashi 76 cikin ɗari ba su kai 200 ba. Waɗanda suka kai 300 kuwa ba su wuce rabin kashi ɗaya ba. Ashe in an jera ɗalibai ɗari, yarinyar nan ta bar aƙalla 76 a bayanta. To wannan ce za a ce ta faɗi? Mu mun saba da makin aji, inda hamsin ke nufin ka sha da ƙyar. Jarrabawar ƙasa ba haka take ba, abin tambaya shi ne mutum nawa ka wuce.

Na kuma nuna masa inda ake yin asara ba a sani ba. Jami'o'i da dama suna raba makin JAMB da 8, su raba na jarrabawarsu ta tantancewa, mai maki 100, da 2, sannan su haɗa. Mai 280 da ya ci 50 a tantancewa zai tashi da 35 da 25, wato 60. Mai 240 da ya ci 70 zai tashi da 30 da 35, wato 65, ya wuce shi ke nan. Maki ɗaya a can ya yi huɗu a JAMB! Amma yaranmu da sun fito daga JAMB sai su jefar da littafi, iyaye kuma mu daina biyan kuɗin lesin. Kowace jami'a dai da nata tsarin, a tambaya kafin a cika fom.

Kirana ga JAMB, don Allah ta riƙa rubuta wa kowane ɗalibi a takardar sakamakonsa kashi nawa ya wuce cikin waɗanda suka zauna. Tun 2015 da kwamfuta ake jarrabawar nan, wannan ba zai gagare ta ba.

Yarinyar dai uban ya biya mata kuɗin tantancewar.

Naka,
Malamin lissafi,
Kakuri, Kaduna.